Ludayi Uku Kafin Hantsi

"Inna, ba zan sake maimaitawa ba. Karnukan nan su bar gidan nan kafin Juma'a."

"To ɗaga ƙafarka, ka taka mini igiya."

Katangar da ta raba gidan gwaggona Marka da na maƙwabtanta a Getso ta ƙasa ce, damina ta cinye kanta har ta dawo iya kafaɗa, saboda haka duk abin da aka faɗa a can kamar a tsakar gidanmu aka faɗe shi. Da sassafe ne, cikin shekarar da shari'a ta zo Kano, watana biyu da zuwa garin domin koyarwa. Marka tana tankaɗe, ni ina wanke-wanke. Ta ɗaga mini hannu, wai in rage ƙarar kwanuka.

Mai maganar Badruddeen ne, malamin Islamiyya, saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai. Wadda yake yi wa maganar kuwa mahaifiyarsa ce, Gwamma, matar Hammadu mafarauci. Sunan mahaifinta aka sa wa yaron, don haka ba ta kama sunan, sai dai ta ce Malam Ƙarami.

"Ina magana kina duba ƙafar kare."

"Ƙaya ce a ciki, Malam Ƙarami. Kai maganarka za ta iya jira, ita ba za ta jira ba."

"Jiya a gaban kwamiti aka ce da ni, wai wanda mala'iku ba sa shiga gidansu shi ne zai shiga gidan wasu ya yi musu gyara."

"Wa ya faɗa?"

"Ba sai na ce wane ba."

"Zayyad ne, ɗan gidan Datti. Uban nasa shekara goma yana aiko yara a ba shi cinyar zomo, bai taɓa tambayar wanda ya kamo ba."

Marka ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Daga can ƙarƙashin rumfa muka ji muryar Hammadu, muryar mutumin da ya kwana yana tafiya a daji. Ya ce su taimaka su bar shi ya runtsa. Bai ce karnuka su tafi ba, bai kuma ce su zauna ba. Marka ta dube ni ta ce a hankali, "Kin ji shi ko? An gama da shi. Da can da ya tashi zaune."

A wurin Marka na fara jin labarin Gwamma, daga baya na ji sauran daga bakinta.

'Yar Garo ce, ta ƙasar Kabo. Mahaifinta malami ne mai karantar da manya a zaure, ita kuma ta tashi tana jin karatun ta bayan asabari har ta riƙe abin da wasu ɗaliban ba su riƙe ba. Da aka kawo ta Getso, Hammadu ba mafarauci ba ne. A wata masaƙa yake aiki a Kano, yana zuwa gida ƙarshen wata da sabulu mai ƙanshi da burodi. Ita kuma tana cikin gida, kamar yadda ta ga uwarta ta zauna. In ta fita, to suna ne ko gaisuwar mutuwa, bayan magariba, kanta a ƙasa. Ta haifi biyar, biyu suka rayu: Hauwa da ke aure a Gwarzo, da Badruddeen.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, lokacin da ake layi a sayi madara da omo, masaƙu suna sallamar ma'aikata rukuni-rukuni. Wata Laraba Hammadu ya sauka daga mota da tabarmarsa da rediyonsa, ba ƙarshen wata ba. A shekarar ruwa ma ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya bai yi ido ba. Ya yi wata guda yana zaune a zaure yana sauraron labarai, sannan ya shiga ɗakin marigayi mahaifinsa ya fito da bindigar toka da fitilar goshi, ya tafi ƙauyen Jama'a ya dawo da 'yan kwikwiyo biyu a cikin buhu.

Gwamma ta ce ranar kuka ta yi. Ta ɗebi toka ta ja layi a tsakar gida, ta ce duk karen da ya tsallake shi ita kuma ta tafi Garo. Ko kallon wajen ba ta yi. Hammadu ke zuba musu abin da ya samu, in ya tuna.

Da suka girma suka fara kamu, tukunya ta canza. Zomo, gafiya, burgu, wani lokaci zabon daji. Abin da ba a ci ba a kai kasuwa a dawo da hatsi. Sai wata rana babban karen ya dawo yana ɗingishi. Ba wanda ya duba. Kwana biyar ƙafar ta kumbura ta yi tsutsa, kwana tara ya mutu. Ɗayan shi kaɗai ba ya iya tare zomo. Wata biyu suka yi a kan rogo da kunun dusa. Gwamma ta ce wata safiya tana yi wa Badruddeen aski, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ta ga wuyansa ya koma kamar na ludayi. Da ta gama ta ɗauki tsintsiya ta share layin tokar. Ta aika aka kira mata wata tsohuwa, matar wani mafarauci da ya rasu, ta zauna gabanta kwana uku tana tambaya.

Shekara goma sha shida ke nan a lokacin da na san ta. Karnuka uku ne a gidan: Duna baƙi, Barsu mai yankakken kunne, da Kyalla, tsohuwar karya mai faɗin ƙirji, wadda ita ce uwar sauran biyun.

Washegarin wata farauta Marka ta aike ni in karɓo mata rariya, na tarar da aikin daga farkonsa. Na yi sallama, muka gaisa, ta tambayi kwanan Marka da gajiyar makaranta da mutanen gidanmu, duk ba ta ɗago ba. Ta nuna mini turmi na zauna.

Ta riga ta yi sallar asuba. Ta cire kayan sallarta ta ɗaura wani tsohon zane da ke rataye a ƙusa ta daban, wanda ba ya shiga ɗaki. Karnukan suna kwance a inuwar rumbu, harsuna waje, haƙarƙarinsu yana sama yana ƙasa. Ga randa cike da ruwa a kusa, idonsu a kanta, amma ba ta ba su ba. Sai da numfashinsu ya lafa, harshen ya koma baki, sannan ta zuba ludayi ɗaya a kaskon kowanne. Suka lashe suka dube ta. Ta yi kamar ba ta gani ba.

Ta jawo Duna ta kwantar da shi a gefe, ta bi jikinsa da tafin hannu tun daga bayan kunne har wutsiya, a hankali, kamar mai neman tsakuwa a cikin wake. Inda ya motsa, nan take tsayawa. Ta buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ciro tsidau da hantsaki, ta tsefe ƙarangiya daga gashin cikinsa, ta cire kaska biyu ta jefa a wuta. Inda ya yanke ta wanke da ruwan bagaruwa mai ɗumi da ɗan gishiri, ta shafe tafin ƙafafun da man kaɗanya. Sannan ludayi na biyu. Na uku sai ta gama da dukkansu. Abinci kuwa, kunun dusa da ƙanzo da kayan cikin abin da aka kamo, dafaffe, ba ya sauka gabansu sai hantsi ya ɗaga.

Duk wannan lokacin Hammadu yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, hularsa a kan fuska, yana ba da labarin daren.

"Wallahi Gwamma, har fadamar Garo muka kai. Na ce yau sai mun gaida surukai."

"Uhm." Ta ɗaga ƙafar Barsu ta duba. "Fadamar Garo baƙar laka gare ta. Wannan jar ƙasa ce, ta bayan gonar Datti."

"Ai ta can muka biyo a dawowa."

"Kuka kuma zauna a gindin aduwa. Ga ƙayarta a cinyar Kyalla, ta kwanciya ce, ba ta gudu ba. Malam, barci ka yi."

"Ɗan kishingiɗa dai."

"Har karnuka suka gaji da jira suka tono gafiya da kansu. Dubi farcen Duna."

Ya yi dariya a ƙarƙashin hular. Ya ce, "Malama, kin ga abin da nake fama da shi? Alƙali a cikin gida."

Na daɗe ina tunanin wannan safiyar. Mutanen unguwa suna cewa Gwamma tana son karnuka, ni kuma ban ga haka ba. Ba ta wasa da su, ba ta yi musu magana mai daɗi, in ta gama sai ta wanke hannu har gwiwa da sabulu da ƙasa, ta canza zane. Abin da na gani a fuskarta lokacin da take juya laka tsakanin yatsu wani abu ne daban. Matar nan ba ta taɓa taka bayan gari ba. Amma ta san inda tsidau ya fi yawa, ta san rafin da ke ƙafewa da wuri, ta san gonar da aka bari ta koma saura, ta san shekarar da bushiya ta yi ƙaranci. Sau biyu ko uku a mako ana kawo mata dajin har gindin rumbu, a ƙafa goma sha biyu, ita kuma ta karanta. A wannan sa'a guda ce kuma kaɗai mijinta yake yi mata doguwar magana, ita ce mai gyara masa.

Wannan sa'ar Badruddeen yake so a ɗauke daga gidan, ko da yake shi a ganinsa karnuka kawai yake kora.

Ba mugun yaro ba ne. Yana duƙawa ya gaida uwarsa, shi ke ɗebo mata ruwa ran da ba makaranta. A lokacin an kafa wani kwamiti a unguwa na masu sa ido kan tarbiyya, ana neman wanda zai shugabanci matasansa, sunansa da na Zayyad ne a baki. Kwana biyu bayan faɗan farko muka sake jin su ta katanga, wannan karon murya ƙasa-ƙasa.

"Malam Ƙarami, ni ban yi makaranta ba, amma a bayan asabarin kakanka na girma. Karen farauta da na gadin gona, me karatu ya ce a kansu?"

Muka ji ya gyara murya.

"Ina jin ka."

"An yi rangwame a kansu."

"To ka faɗa wa kwamitin."

"Inna, mutane ba karatu suke dubawa ba."

"To ashe ba karatun ne ya aiko ka ba."

Muka ji fitarsa ta zaure. Marka ta ce da ni, tun yana firamare yara suke yi masa haushi in ya wuce, suna kiransa ɗan gidan karnuka. Ya yi sauka, ya tafi Kano ya yi karatu mai zurfi, ya dawo da farar riga da gemu, ana ce masa Malam, sai ga Zayyad ya tuna masa da magana ɗaya cewa har yanzu ana jin haushin. Ina ganin ba mala'iku ne suka hana shi barci ba. Yaran firamaren nan ne, waɗanda yanzu duk sun yi gemu su ma.

Hammadu ne ya yanke maganar, kuma ta ɓangaren ɗansa. Yana da wani kango a bakin gari, kusa da gonarsa, ɗaki ɗaya da ya rushe rabi da bishiyar darbejiya. Ya ce a can za a riƙa ɗaure su. Ya ce don zaman lafiya. Amma tun da Badruddeen ya fara jan salla in liman ba ya nan, ake matsa wa Hammadu wuri a sahun gaba, ana ce masa baban Malam. Mutumin da ya yi shekara goma sha shida ana gaishe shi daga nesa saboda warin daji, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Ran da za a tafi da su Gwamma ba ta yi gardama ba. Ta haɗa kaskon nan uku da hantsaki da kwalbar man kaɗanya a cikin buhu. Ta ce, "Malam, ka saurare ni. In kun dawo kada ka ba su ruwa sai harshe ya koma. Ludayi ɗaya, ka jira, sannan wani. Abinci sai hantsi."

"Gwamma, shekara nawa ina farauta?"

"Farauta ka yi. Wannan ba ka taɓa yi ba."

"Ke dai rowar ruwa gare ki, tun rijiya tana nesa. Yanzu ga famfo a bakin masallaci."

Ya ɗauki buhun. Ludayin ya bar shi a kan randa.

Mako uku gidan ya yi tsit. Da safe muna jin tsintsiyarta, ta share tsakar gida, an jima ta sake sharewa. Hammadu ya fita farauta sau biyu, kusa-kusa, ya dawo ya kwanta a ƙarƙashin rumfa. Ran farko ya fara labari, wai sun tayar da dila har biyu. Ta ce, "Allah ya kyauta." Ya ƙara wani abu a kai, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Ya ja hularsa ya rufe fuska. Rana ta biyu da shigowarsa ya juya wa bango fuska. Marka ta ce, "Ƙarya ma in ba mai kama ka, ba daɗi."

Ranar wata Asabar, hantsi ya ɗaga, muka ji an banko ƙofar zaure. Muryar Hammadu ce, amma ba irin wadda muka sani ba.

"Gwamma, Kyalla ta ƙi tashi."

"Ruwa nawa ka ba ta?"

"Sun sha gudu jiya, tausayi suka ba ni. Na cika musu daro. Na zuba musu sauran tuwon nan da gero jiƙaƙƙe, na ce yau dai su ƙoshi."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka iso."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta leƙo ta kan katanga, karo na farko da na ga ta yi haka, ta ce, "Marka, ara mini 'yarki ta riƙe mini ƙwarya." Ta ɗaura zanen aikinta, ta yafa mayafi a kai, ta ɗauki ludayi. Muka fita da rana tsaka, ta gaban masu shayi, ta gaban masallaci, ta gaban teburin mai gyaran rediyo. Maza suka daina magana. Wasu ba su taɓa ganin fuskarta da hasken rana ba, sai da suka ga Hammadu a gaba suka gane ko wace ce. Ita ko gefe ba ta duba ba.

A kangon Duna da Barsu suna kwance sun yi nauyi, amma idonsu garau. Kyalla tana gindin darbejiya. Cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, tana yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai yawu. Gwamma ta durƙusa ta ɗaga leɓenta, dasashin ya yi fari. Ta ƙwanƙwasa cikin da yatsa ta saurara. Ta sa Hammadu ya ɗaga ta ko za ta taka, ƙafafun suka lanƙwashe. Sau biyu aka gwada.

"Kwantar da ita," in ji ta.

"Ba wani abin da za a yi? Ko kanwa?"

"Da asuba ne da an yi. Kwantar da ita."

Ta zauna a ƙasa ta ɗora kan karyar a cinyarta. Na ɗauka shafa ta za ta yi. Sai na ga ta ciro hantsaki daga buhun da ke rataye a reshe, ko kwance bakinsa ba a taɓa yi ba. Ta kama ƙafar gaba ta buɗe yatsun. Ƙayar mako uku ce a ciki, wata ta karye ta yi ruwa. Ta ciro su ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan dutse. Ta kankaro busasshiyar laka daga tafin, ta murza ta tsakanin yatsu. Baƙa ce.

"Kun kai fadamar Garo."

"Mun kai," in ji Hammadu.

"Me kuka bi?"

"Gada. Tun daga saurar Jama'a. Kyalla ce a gaba har ƙarshe."

"Kun samu?"

Ya ce, "Ta tsere. Ni na yi kuskuren harbi."

Ta gyaɗa kai. Ta gama ƙafa huɗun, ta shafa musu man kaɗanya. Kafin ta rufe kwalbar Kyalla ta daina numfashi.

Ba wanda ya yi kuka. Hammadu ya koma gefe ya tsuguna ya riƙe kai. Gwamma ta miƙe ta duba sauran biyun, ta zubar da ruwan daron, ta kife shi. Daga nan ta tsaya a inda katangar kangon ta rushe. Daga wurin ana ganin gonaki an girbe, karan dawa a tsaye, hanya siririya ta ratsa su ta gangara, can nesa layin itatuwa masu duhu.

"Malam, wancan duhun fa?"

Ya ɗago. "Rafi ne. Nan suke sha in za mu fita."

"Aduwar da kake barci fa?"

Ya nuna da hannu. Ta daɗe tana kallo.

A haka Badruddeen ya same mu. Labari ya kai masa har aji cewa an ga uwarsa a titi da zanen karnuka. Ya iso yana haki, da farar rigarsa, bakinsa cike da magana. Ya ga Kyalla, ya ga ƙayoyin da aka jera a kan dutse, ya ga uban a tsugune. Karyar nan tana 'yar kwikwiyo lokacin da zai tafi karatu Kano, kuma naman da aka soya aka cika masa gwangwani da shi kamun uwarta ne. Bai faɗi abin da ya zo faɗa ba. Ya cire rigar ya rataye a darbejiya, ya naɗe wando, ya ɗauki fartanyar da ke jingine ya fara haƙa a bayan ɗakin.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan, za a mayar da karnuka gida ko a sayar. Ba haka aka yi ba.

Ran Talata Hammadu ya fita da Duna da Barsu. Laraba, ana idar da sallar asuba gari ya fara haske, muka ji ƙarar ƙofar zaurensu. Gwamma ce, da ƙwaryar ruwan bagaruwa a ka, ludayi a hannu, ta bi ta gaban masallaci daidai lokacin da maza suke zaune a dakali. Ta gaishe su, suka amsa. Ba ta dawo ba sai da hantsi, ita da Hammadu, yana gaba tana baya, muna jin ta tana ce masa, "Ba dila ba ne, Malam, kyanwar wani ce." Ran Asabar ma haka. Mako na gaba ma haka.

Maganar gari ta ninka ta da. Da can karnuka ne a gidan su Malam, ba mai ganin su sai maƙwabta. Yanzu uwar Malam ce take ratsa gari da ludayin kare sau biyu ko uku a mako, kowa yana gani. Aka ce Zayyad ya tambaya a zaman kwamiti ko wanda bai iya tsare ƙofar gidansu ba zai iya tsare ta unguwa. Badruddeen ya rame. Ya aika wa yayarsa Hauwa ta zo daga Gwarzo ta yi magana, ta zo ta kwana biyu, ta koma da ƙafar zomo a jaka. Ya yi wa uban magana, Hammadu ya ce shi ya riga ya yanke hukunci sau ɗaya, ya ga abin da ya haifar.

Wata Alhamis da yamma muka ji ana share gindin rumbu, ba irin sharar Gwamma ba, ta mai ƙarfi. Aka kafa turaku biyu. Marka ta leƙa ta dawo ta ce, "Malam Ƙarami ne da kansa. Har da sabuwar igiya."

Washegari na fito da wuri zan ɗebo ruwa a famfo, na tarar da su a ƙofar zaure. Gwamma tana ciki da ƙwarya a ka, Badruddeen yana tsaye a bakin ƙofa, ya dawo daga masallaci, carbi a hannu. Ya duƙa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi sanyi.

"Inna, na gyara wurin. Yau da kaina zan je in dawo da su. Ki zauna, ba sai kin ƙara fita ba. Duk abin da za a faɗa a faɗa, na ji na ɗauka."

Ta dube shi. Ina jin ta san abin da maganar ta ci masa, don ta sa hannu ta cire masa wani zare a kafaɗar riga.

"Allah ya yi maka albarka, Malam Ƙarami," in ji ta. "Amma bar su can. Jiya na kai gindin aduwar, rafin ne ban kai ba tukuna. Matsa mini, ruwan bagaruwar zai huce."